Mata Masu Dubara: asusun da ya tsaya da ƙafafunsa

A shekarar 1990 aka rushe bankin BDRN, wanda ƴan kasuwa da ma'aikata da dama suka dogara gare shi. Shekara guda bayan haka, a 1991, wani irin banki marar gini, marar darakta, ya kunno kai cikin karkarar Maraɗi. Ƙungiyar CARE ce ta kawo tsarin, ta hannun wata ma'aikaciyarta mai suna Moira Eknes, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara.

Tushensa adashe ne, wanda uwayenmu suka sani tun kaka da kakanni. Sai dai a adashe, abin da mace ta zuba shi take kwasa. A nan kuwa, mata ashirin zuwa talatin ne ke taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka shirya, ko da dala goma ce. Daga cikin asusun ake ba mai buƙata rance, ta maido da ɗan ƙari a kai. In wa'adi ya cika, sai a fasa asusu, a raba uwa da riba. Horo aka ba su, ba jari ba. Kuɗin duk guminsu ne.

Amfanin abin yana fitowa fili ne lokacin da rumbu ya ƙare. Manomi kan sayar da hatsinsa da arha a kaka, sa'annan ya sake sayensa da tsada cikin damana, sau da yawa da bashi. Macen da ke cikin ƙungiya kuwa tana iya ɗaukar rance ta sayi gyaɗa, ta fidda mai da ƙuli-ƙuli, ko ta yi kiwon rago zuwa babbar salla. Wasu ƙungiyoyi har bankin cimaka suka kafa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu daga cikin matan sun zama kansiloli. Tsarin kuma ya ƙetare iyaka zuwa ƙasashe da dama na Afrika.

Duk da haka, asusu ba ya gina asibiti, ba ya shimfiɗa hanya. Wadda ba ta da ko dala a mako tana nan a waje, kuma in fari ya zo, masu zubi da masu rance duka yake taɓawa. Nan ne aikin hukuma yake: rijiya, hanyar kai kaya kasuwa, da karatun manya domin mata su riƙe lissafinsu da kansu. Sun riga sun ɗauko kayan zuwa gwiwa. Saura a kama masu zuwa kai.