Tazarar da ba ta kai milimita 2 ba: Yadda kaurin sanda da ramin wuƙa ke ja wa kafintoci asara

A kasuwar kayan katako ta Kugbo da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, mai sayen ƙofa yakan shafa gefen fanel da tafin hannu, ya dubi yadda aka fitar da ƙirar bakin firam, sannan ya shiga ciniki. Ba kasafai yake tambayar abin da ya yanka wannan ƙirar ba. Injin da ke yin aikin yana can bayan shago cikin ƙurar katako: tebur ne na ƙarfe mai nauyi, da wata sanda a tsaye tana leƙowa ta tsakiyarsa. A kan sandar ake zura kan wuƙa, a ɗaure da noti, ta riƙa juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kafinta yana tura katako a jikinta. Mutanen Ingila suna kiran injin sifindil molda, Amurkawa kuma suna ce masa shefa.

Duk wanda ya tara kuɗi zai sayi irin wannan inji, abin da ya fi damunsa shi ne ƙarfin mota da kuma ko janaretonsa zai iya ɗauka. Kaurin sanda kuwa sai an kai inji shago ake tunawa da shi, ranar da aka sayo kan wuƙa mai tsada aka zo zurawa ya ƙi shiga, ko kuma ya shige yana sako-sako.

Ma'auni biyu a kasuwa ɗaya

Tushen matsalar shi ne Najeriya tana karɓar injina daga ɓangarori biyu da ba su auna abu da ma'auni ɗaya. Amurka har gobe da inci take aiki, kuma sandunan injinanta rabin inci ne, da kwata uku na inci, da inci ɗaya, da inci ɗaya da kwata. Ƙasashen Turai da milimita suke awo. Injinan SCM na Italiya, da Felder na Ostiriya, da Martin na Jamus, akasarinsu sandar milimita 30 suke zuwa da ita, manyan cikinsu kuma 35 ko 40 ko 50. Ingila tana tsakiya. Ta fara komawa ma'aunin mita ne a 1965, shi ya sa tsofaffin injinan Wadkin, kamfanin da aka kafa a birnin Lesta a 1897, da yawansu sandar inci ɗaya da kwata gare su, waɗanda aka ƙera daga baya kuma ana samun masu milimita 30. Injin da ya yi shekara hamsin yana aiki a can, aka sayar da shi na hannu ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, da wuya ya iso da takardarsa.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Saboda haka inci ɗaya da kwata milimita 31.75 ke nan, wato ya ɗara sandar Turai da milimita 1.75 kacal. Ido ba ya rabe su, tef ɗin aljihu ma ba ya rabe su sosai. Kan wuƙa mai ramin milimita 30 ba zai shiga sandar inci ɗaya da kwata ba ko da za a kwana ana dukansa, kuma wannan ita ce asara mai sauƙi, domin kuɗi kawai ta ci. Mai haɗarin ita ce ɗaya fuskar. Mai ramin 31.75 yana zamewa lafiya lau a kan sandar milimita 30, noti ya ɗaure shi tam, wanda bai sani ba ya ɗauka komai ya yi daidai.

Lissafin abin da ke biyo baya ba shi da wuya. Idan kan wuƙar ya jingina gefe ɗaya, tsakiyarsa ta kauce wa tsakiyar sanda da kusan milimita 0.9. A ce nauyinsa kilo 2 ne, yana juyi 6,000 a minti, to ƙarfin da zai riƙa fizgar sandar gefe ya kai kimanin nauyin kilo 70, kuma fizgar tana zagayawa sau 100 a kowace daƙiƙa. Boris ne ke fara shan wahala. Daga nan sai a ga wuƙa ɗaya ce ke cin katako, 'yar'uwarta tana wucewa a iska, fuskar aikin ta fito da ƙananan tudu da kwari kamar raƙuman ruwa, yaran shago su wuni da sanfefa suna gyaran abin da inji ya ɓata. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wuƙar ta cafki katakon ta wurgo shi baya, hannun da ke turawa kuma ya tafi gaba inda wuƙar take.

Akwai ma tarkon da ya fi wannan siriri, domin ana samun wuƙaƙe masu ramin milimita 32, wanda bambancinsa da inci ɗaya da kwata rubu'in milimita ne kawai.

Abin da bushin ke iyawa

Maganin da masu ƙera wuƙaƙe suka tanada shi ne bushin, wani zobe da ake sawa cikin ramin ya cike giɓin. Mai kyau yana da leɓe, ana sa ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa don su riƙe kan wuƙar a tsakiya. Amma hanya ɗaya yake bi: yana rage babban rami ya dace da ƙaramar sanda, ba ya faɗaɗa ƙaramin rami.

Daga nan wata dabara ta fito wadda mai saye zai amfana da ita. Cikin waɗannan manyan ma'aunai biyu, sandar milimita 30 ita ce ta fi karɓar baƙi, tunda tana ɗaukar wuƙaƙen Turai kai tsaye, tana kuma ɗaukar masu ramin inci ɗaya da kwata idan aka sa bushin. A ɓangaren wuƙa kuwa abin ya juya: mai ramin inci ɗaya da kwata ita ce ta fi yawo, domin tana hawa sandarta, tana hawa ta milimita 30, tana hawa ta inci ɗaya. Wanda ya gaji tsohon Wadkin mai sandar inci ɗaya da kwata ba shi da dalilin raba kansa da shi, sai dai ya san cewa duk wuƙar da aka rubuta wa 30 ba tasa ba ce. Wanda kuma zai fara daga tushe, yana sa ran sayen wuƙaƙen da ke fitowa daga Turai, sandar milimita 30 ta fi masa sauƙin rayuwa.

Wasu sukan kai kan wuƙa wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a faɗaɗa ramin. Aikin yana yiwuwa, kamfanonin wuƙa ma suna yinsa, amma sai da injin da zai tsare tsakiya daidai, a kuma sake gwada daidaiton nauyi bayan an gama. Ramin da aka faɗaɗa da ƙiyasin ido ya koma matsalar farko, kuma a wannan karon babu bushin da zai gyara shi. Haka ma bushin ɗin da zai cike tsakanin 31.75 da 30, kaurin jikinsa bai kai milimita ɗaya ba, ba irin abin da za a yanko daga guntun bututu ba ne.

Siririyar sanda da babban kaya

Ƙananan injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin na Delta da Grizzly masu ƙarfin doki uku, suna da sandunan da ake cirewa a sauya, daga rabin inci zuwa kwata uku zuwa inci ɗaya. Wuƙaƙen kwata uku sun fi araha, kuma suna yin ƙananan ayyuka da kyau: bakin tebur, ƙofofin kabad, ƙirar jikin madubi. Jarabawar tana zuwa ne ranar da aka samu kwangilar ƙofofin gida masu kauri, mai shago ya ce bari ya sa bushin ya ɗora babban kai a kan siririyar sandar.

Ƙarfe yana da ƙa'idarsa a nan. Juriyar sanda ga lanƙwasa tana ƙaruwa ne da kaurinta a ninka shi da kansa sau huɗu. Sandar inci ɗaya da kwata ba ta kai ninki biyu na ta kwata uku a kauri ba, amma ta fi ta tauri kusan sau takwas. Ta milimita 30 ta fi ta sau shida da ɗoriya. Tsawo ma yana da nasa hukuncin: idan aka ninka nisan da ke tsakanin wuƙa da boris na sama, lanƙwasar tana ninkuwa sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa gogaggun masu aiki ke zaunar da kan wuƙa can ƙasa kusa da gindin sanda, su cike saman da zobba, maimakon su ɗaga shi sama don neman sauƙin saiti. Bushin yana cike rami ne kawai, ba ya ƙara wa sanda ko ƙwayar zarra ta ƙarfi.

Katakon da ake aiki da shi a nan kuma ba ya yi wa inji sassauci. Obeche da malaina suna da laushi, amma maɗaci da iroko wani abu ne daban, iroko ma wani lokaci akan tarar da dunƙulen farin dutse a cikinsa wanda ke dakushe wuƙa nan take. Sandar da ta yi shiru a kan katako mai laushi tana iya fara rawa da kuka da zarar an kawo mata ƙofar iroko.

Babban rami yana tafiya da babban kai, babban kai kuma yana son a rage gudu. Ƙa'idar Turai ta fi son bakin wuƙa ya riƙa tafiya tsakanin mita 40 zuwa 70 a daƙiƙa. Kai mai faɗin milimita 125 a juyi 7,500 yana yin kimanin mita 49, daidai ke nan. Mai faɗin milimita 200, irin na fitar da fanel, a juyi 6,000 yana yin kusan mita 63, amma a juyi 10,000 ya haura mita 100. Ƙananan injinan Amurka da yawa gudu biyu kawai gare su, 7,000 da 10,000, ga shi kuma an ƙera motarsu don wutar da ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya kuwa 50 ce. A nan gudun yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, motar kuma tana saurin ɗaukar zafi. Wanda ya sayi irin wannan inji sai ya sake lissafin lambobin da ke jikinsa.

A jikin kan wuƙa na kirki akwai rubutu da ya kamata a karanta kafin a biya kuɗi: faɗinsa, girman raminsa, da iyakar juyin da aka yarda ya yi. Na Turai suna ɗauke da ƙarin alama a ƙarƙashin ƙa'idar EN 847-1. MAN na nufin an yi shi don aikin da ake tura katako da hannu, kuma an taƙaita yadda wuƙar ke leƙowa don kada ta ciji da yawa a lokaci ɗaya. MEC na injin da ke jan katako da kansa ne. Birtaniya ta wajabta irin na farkon a kan injinan turin hannu tun Disambar 2003, kuma tsofaffin kawunan da dokar ta kora daga shagunan can ba duka aka narkar ba. Kusan duk aikin da ake yi a ƙananan shagunan Kugbo da Dei-Dei, da na 'yan katako a Na'ibawa ta Kano, turin hannu ne.

Wuƙaƙe sun fi inji daɗewa a hannun kafinta. Yau a sayi ta tsaga, gobe ta bakin ƙofa, jibi ta fanel, kafin shekaru su tura kuɗin da ke cikin akwatin wuƙaƙe ya kamo na injin ko ya wuce shi, kuma dukkansu girman rami ɗaya suka bi. Ranar da injin ya mutu, akwatin ne zai faɗi irin wanda za a saya.

Ma'aunin kalifa, wanda kuɗinsa bai kai na kan wuƙa ɗaya mai kyau ba, shi ke raba gardama a wurin saye. Akan goge tsatsa da dattin sandar tukuna, a auna ta a gindi da tsakiya da kusa da noti, domin tsohuwar sanda takan cinye a inda wuƙa ta saba zama. Idan ma'aunin ya nuna 31.75, inci ɗaya da kwata ce, ko da dillalin ya rantse cewa 30 ce.