Wa Ya Taɓa Saitin? Bin Sawun Canji a Kwamfutocin Manyan Hukumomi

Cikin shekaru goma da 'yan kai, yawancin aikin ofis da rayuwar Samaru da Sabon Gari a Zariya ta dogara a kai ya bar takarda ya koma cikin kwamfuta. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a yau ta intanet yake rajista, ta nan yake biyan kuɗin makaranta, ya nemi ɗakin kwana, ya duba sakamako, kuma shagunan kwamfuta daga bakin ƙofar jami'a har Jushi da wannan hidima suke cin abinci. Ba zaɓin Zariya kaɗai ba ne, daga Abuja aka turo mafi yawansa. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya, kuɗin hukumomi ya riƙa bi ta manhajar Remita, sannan a 2017 aka kawo tsarin CAPS na ba da gurbin karatu. Amfanin a bayyane yake. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wani aiki da takarda ke yi kyauta, wanda kwamfuta ba ta yi sai an sa ta: nuna cewa an taɓa ta.

A duba takardar maki ta da. Malami ya rubuta 38, ya sake duba amsar ɗalibi, ya ja layi a kan lambar, ya rubuta 48 a sama, ya sa hannu a gefe. Jami'in jarrabawa zai ga gyaran, shugaban sashe ma zai gani. Ko mai mugun nufi ne ya kankare da reza, takardar za ta yi gashi a wurin, tawadar ta bambanta. A kwamfuta kuwa 48 ɗin da aka sauya da daddare da 48 na asali kamarsu ɗaya. Idan ba a tanadi rajistar da ke rubuta wa ya shiga, da ƙarfe nawa, me ya tarar, me ya bari ba, to babu kwamitin binciken da zai iya tono gaskiya, sai rantsuwa da zargi.

Maki ma shi ne ɓangaren da kowa ke fahimta. Mafi haɗari su ne fayilolin saiti, ƙananan rubuce-rubucen da ke gaya wa sabar yadda za ta yi aiki, wa za ta bari ya shiga, wace manhaja za ta ɗauka. Shaida mafi kusa ita ce jarrabawar JAMB ta 2025. A watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya gurɓata, sai da aka sake musu jarrabawa. Ba masu kutse suka jawo ba. Gyara aka yi wa manhaja, aka ɗora shi a wasu sabobin, wasu kuma aka tsallake, ba wanda ya lura sai da sakamako ya fita iyaye suka yi ca. Irin wannan ya faru a Amurka a 2012, inda kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya sabunta sabobi bakwai ya manta da ta takwas, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma fayil ɗaya da kamfanin CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro. Duk waɗannan masu izini ne suka yi canjin, kuma da kyakkyawar niyya.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1992 Gene Kim da Gene Spafford na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro Tripwire, manhajar da ke lissafa wa kowane muhimmin fayil wata lamba ta musamman daga abin da ke cikinsa, ta adana. Ko waƙafi ɗaya aka ƙara, lambar za ta sauya, sai ta yi ƙararrawa. Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, tana ajiye tarihin kowane gyara da sunan mai gyaran, har a iya komawa ga saitin jiya idan na yau ya ɓata aiki. Sauran kuwa tsarin ofis ne kawai: a rubuta buƙatar canji, wani daban ya amince, a gwada a gefe kafin a ɗora, a tabbatar kowace sabar ta karɓa.

Akwai dalilan da suka sa hukumomin yankinmu suka fi buƙatar wannan tarbiyya. Wuta na ɗaukewa a tsakiyar sabuntawa, kafin janareta ya kama aikin ya tsaya rabi, kuma ba mai sanin inda ya tsaya in babu rubutu. Ƙwararrun matasa na barin aikin gwamnati zuwa bankuna ko ƙasashen waje, su tafi da sirrin saitin a cikin kawunansu. Sau da yawa ɗan kwangila ne ya gina manhajar, kwangilarsa ta ƙare amma ƙofarsa ta shiga na nan a buɗe. Ga kuma ɗabi'ar nan da ta zama ruwan dare a ofisoshi, ta rubuta kalmar sirri ɗaya a 'yar takarda a manna jikin allon kwamfuta, mutum biyar na amfani da ita. A irin wannan hali ko rajista na aiki, sunan ofis za ta nuna, ba sunan mutum ba.

Masu ja da wannan ra'ayi na cewa babu kuɗi. Wannan ita ce hujja mafi rauni, domin Git kyauta ce, haka ma AIDE da Wazuh masu sa ido kan fayiloli. Abin da ke da tsada shi ne ma'aikacin da zai zauna ya karanta ƙararrawar, kuma a nan ne mai ƙorafin ya yi gaskiya: manhajar da ke aiko saƙo ɗaruruwa a rana, cikin mako guda za a daina kula ta. Amsar ita ce a taƙaita sa idon ga abin da ke da nauyi, wato maki, albashi, bayanan majinyata da jerin masu izinin shiga. Wasu kuma na cewa tsarin na jawo jinkiri, ranar rufe rajista fotal ya tsaya, ɗalibai sun cika bakin ofis, wa zai jira sa hannun darakta? Gaskiya ne, shi ya sa kowane tsari mai hankali ke barin ƙofar gaggawa: a gyara yanzu, a rubuta kafin a tashi aiki.

Hujja mafi nauyi ta zamantakewa ce. A wurinmu, ka ce wa wanda ya girme ka sai an duba aikinsa, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Amma a lura da wanda ke shan wahala in babu rajista. Idan maki ya sauya ba a san mai sauyawa ba, ba a taɓa tuhumar babba, ƙaramin ma'aikacin da ke shigar da bayanai ake kamawa, ko da umarnin baki aka ba shi. Rubutaccen sawu shi ne kariyar mai gaskiya, kuma shi ke ba ƙarami damar cewa, ranka ya daɗe, a turo a rubuce. Saura tambayar cewa mai riƙe da babban makulli ai zai iya goge rajistar kanta. Zai iya, in a sabarsa take. Don haka ake tura kwafinta nan take zuwa wata na'ura da ke hannun wani sashe, misali masu binciken kuɗi na cikin gida, yadda sai mutum biyu sun haɗa baki kafin a ɓatar da sawu.

Doka ma ta riga ta shigo maganar. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 da gano ɓaraka mai iya cutar da masu bayanan. Hukumar da ba ta bin sawun fayilolinta ba za ta iya faɗin ranar da ɓarakar ta fara ba, balle adadin waɗanda ta shafa. A ganina wurin da ya kamata a fara shi ne takardar kwangila: duk wata jami'a, asibiti ko ƙaramar hukuma da za ta sayi manhaja ta sa sharaɗi cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai ɗan kwangila ya miƙa tarihin saiti gaba ɗaya, an rufe asusunsa, kuma an gwada a gaban masu bincike cewa sauya maki ɗaya na barin suna da lokaci.