Ruwan da ke cin jirgi daga sama

Ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa, irin waɗanda 'yan Lagos Yacht Club ke yawo da su a bakin tekun Legas tun 1932, ya fi shan wuya a hannun ruwan sama da feshin igiyar ruwa a kan ruwan da yake zaune a kai. Cikinsa na ƙasa a dunƙule ake zubo shi da faiba, ƙofofinsa kaɗan ne. Doronsa kuwa, inda ake takawa, duk huji ne: ga ƙafafun shingen ƙarfe mai hana mutum faɗawa ruwa, ga katakon dafawa a saman ɗaki, ga doguwar gezar da ta bi bakin jirgin tun daga gaba har baya. Kowannensu da kusoshi masu noti da suka ratsa doron.

Abin da ya sa lamarin ya wuce jiƙa katifa shi ne yadda ake ƙera doron. Tun wajen shekarun 1960 masu ƙira suka koma yin sa hawa uku, faiba sama, faiba ƙasa, a tsakiya kuma katakon balsa mara nauyi, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake samo shi. Idan ruwa ya bi jikin kusa ya shiga wannan tsakiya, ba shi da mafita. Sai katakon ya ruɓe a ɓoye, saman yana ta ƙyalli. Ranar da ka taka ka ji wurin yana lotsawa, aikin gama ya gama. Shi ya sa masu duba jirgi kafin ciniki suke bin doron da ƙaramar guduma ta roba suna ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yakan amsa ƙal-ƙal, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum.

Gano ƙofar da ruwan ke shiga ma aiki ne. Duk mai ɗakin kwano ya san inda ɗigo ke sauka ba lalle nan ne hujin yake ba. A zana layi da alli a jikin bangon ciki, wani ya tsaya waje da tiyo ya fara zuba ruwa daga wuri mafi ƙasa yana hawa sannu a hankali. Inda allin ya goge, nan hanyar take.

A nan ne yawancin mutane ke yin aikin baban giwa. Sai mutum ya ɗauko silikon ya zagaye gindin ƙarfen ta waje, ya shafe da yatsa, ya ce ya huta. Ƙarfen nan ana jingina da shi, ana jan sa, rana na buɗa shi, dare na tsuke shi, ba da jimawa ba shafen zai ɗago. Ga shi silikon yana barin wani maiƙo da ke hana komai kamawa a wurin, har da sabon silikon. Toshewa ta ciki kuwa ta fi muni, don ɗigo zai tsaya, ruwan kuma ya koma cikin balsa. Har baƙin ƙarfe mara tsatsa yakan cinye idan ya daɗe a jiƙe inda iska ba ta kaiwa.

Magani ɗaya ne, a kwance abin gaba ɗaya. A kankare tsohon danƙo, a goge da asiton. Idan akwai balsa, a faɗaɗa hujin, a ƙwaƙule katakon da ke kewaye, a bar shi ya bushe sarai, a cika da gam ɗin efoksi mai kauri, in ya daskare a sake huda daidai kaurin kusar. Ko ruwa ya sake zuwa, efoksi zai tarar. Sannan a ɗan fafe bakin hujin ta sama, domin danƙo ya taru a nan ya zama zobe a wuyan kusa.

Wane danƙo? Mutane na rububin 3M 5200 saboda ƙarfinsa, alhali ƙarfin ne aibinsa a nan. Yakan ɗauki har kwana 7 kafin ya kama, in ya kama kuma, ranar kwancewa sai ya taho da fatar jirgin. Riƙo aikin kusa da noti ne, danƙo tare ruwa kawai aka sa shi. Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun fi sauƙin sha'ani. Folisalfaid yana shiri da katakon tik mai maiƙo, amma yana lalata tagogin roba. A ganina, ga duk abin da kusa ta ratsa, babu kamar butil, robar da William Sparks da Robert Thomas suka haɗa a Amurka a 1937, wadda ake yin tif ɗin taya da ita. A naɗe ake sayar da shi, ba ya taɓa bushewa, yana miƙewa da motsin ƙarfe. Sai dai man fetur da na gas suna narkar da shi, kada a kai shi bakin tanki.

Wajen ɗaurewa, mutum biyu ake so. Na sama ya riƙe kan kusar kada ta juya, na ƙasa ya ja noti da sifana, don in kusar ta juya za ta tsinka zoben. Butil a hankali yake kwanciya, saboda haka a ɗaure kaɗan, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙara, har sai ya daina tsattsafowa ta gefe, sannan a cire rarar.