Igwar Tanimun da hasken eksire

Tun taron Grenoble na 2015 ake maganar gina wa Afirka sinkurotiron, wato babbar na'urar samar da hasken eksire mai ƙarfi don bincike, tunda ita kaɗai ce nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da shi. Duk lokacin da zancen ya sake tasowa a labarai sai ka ji ana cewa ai asibitocinmu na da na'urar hoton ƙashi. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Likita inuwar ƙashi yake nema. Masanin kimiyya kuwa yakan harba hasken eksire cikin abu mai ruwa-ruwa, ya auna yadda hasken ya watsu, ya gano yadda ƙwayoyinsa suka jeru.

Sai dai jerin nan zafi yake bi. Man kaɗanya da hunturu dutse ne, da bazara ruwa. Shi ya sa ake ɗura samfurin cikin siririn bututun gilashi mai faɗin milimita ɗaya ko biyu, a cusa shi cikin mariƙin ƙarfe da ake ɗumamawa ko sanyayawa da lantarki ko ruwa mai kewayawa. In zafi ya goce, awo ya ɓaci.

Ina ruwan Damagaram? Tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da garin ke tace man Agadem, ƙarfinta ganga 20,000 a rana. Irin wannan awo na nuna zafin da kakin ɗanyen mai ke fara daskarewa cikin bututun mai.

Sarrafa zafi kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin Tarabulus ke sauka a Zango, maƙeran Damagaram sun zuba igwa, an haɗa albarushi a gida. Ba su da ma'auni, launin wuta suke karantawa. Narka ƙarfe a zuba shi bai fashe ba, ai ilimi ne. Yaran lakwal nawa aka gaya wa haka? Mun riƙe sunayen sarakuna, mun bar na maƙera sun ɓace.

Jodan ta buɗe cibiyar sinkurotiron ta SESAME a 2017 da haɗin kan maƙwabta. Mu ba sai mun jira babban gini ba: akwai ƙaramar na'ura da ɗaki guda zai ɗauka. Hukumomi su ware wani abu daga kuɗin mai, su saya wa Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da lantarkin da ba ya yankewa, su tura ɗalibai koyo. Har yaushe mai namu, awo na wasu?