Kwamfutar Gangara a Aljihu Ta Zo

A Gangara, cikin gundumar Gazawa ta jihar Maraɗi, kwamfuta ba ta shiga gidajen mutane ta kan tebur ba. A aljihu ta zo, cikin wayoyin Tecno da itel da ake sarowa daga Maraɗi ko Katsina. Tushen hakan wata gardama ce da injiniyoyi suka tafka a farkon shekarun 1980.

Tun 1945 John von Neumann ya bayyana tsarin da kusan kowace kwamfuta ke bi har yau: sashen lissafi, ma'adanar da ke riƙe umarni da bayanai wuri guda, da hanyoyin shigarwa da fitarwa. Inda aka rabu shi ne irin umarnin da ƙwaƙwalwar na'ura za ta sani. Intel, wanda IBM ya ɗora kwamfutarsa ta 1981 a kan guntunsa, ya riƙe umarni masu yawa da sarƙaƙiya. A Kambirij ta Ingila kuwa, Sophie Wilson da Steve Furber na kamfanin Acorn suka zaɓi ƴan umarni masu sauƙi. Guntunsu na farko, mai suna ARM, ya fito a 1985 da transista kusan 25,000, yayin da 80386 na Intel, ɗan wannan shekarar, ke da 275,000. Araha suke nema, sai ga wata riba ta biyo baya: guntun ba ya shan wuta sosai.

Wannan ribar ce ta yi wa karkarar Nijar rana, domin guntun ARM ne a cikin wayoyin. Lantarkin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, amma ƙauyuka da yawa na kusa da layin ba su da wuta a gida. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta yanke wutar baki ɗaya har zuwa farkon 2024. Kwamfutar tebur ta zama kayan ado a ofis. Waya kuwa, faifan sola ɗaya a rumfar mai caji ya ishi ta mutane da dama.

Akwai kuma salon kasuwanci. Kamfanin ARM lasisin zanensa yake sayarwa, kamfanoni irin su MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin su haɗa guntun, Transsion na Shenzhen ya saka a Tecno da itel. Gasa ta karya farashi.

Amfanin a fili yake. Manomin da bai yi boko ba yana tura saƙon murya ta WhatsApp ya ji farashin wake a kasuwa kafin ya ɗaura buhu a amalanke. Ɗan ci-rani a Legas ko Agadas yana ganin ƴaƴansa a bidiyo. Caji, gyara da tura finafinai sun zama sana'ar samari.

Sai dai waya na'urar kallo da saurare ce, ba ta ƙirƙira ba. Ɗalibin da ke son koyon rubuta manhaja zai sha wuya a ƙaramin allo, ga ma'adanar wayar araha da ke cika da wuri. Laifin ba na ARM ba ne: tun 2020 Apple ya koma kansa a kwamfutocin Mac. Kwamfutar cinya mai araha, marar shan wuta, ita ce har yanzu ba ta cika kasuwannin Agiye da Gazawa ba.