Gwajin Irin Ciyawar Kiwo da Aka Adana

Irin da aka adana a rumbun sanyi ba ya amfanar makiyayi sai an gwada shi a gona. Rumbun cibiyar ILRI da ke Adis Ababa yana ɗauke da dubban nau'o'in ciyawar kiwo, ciki har da kuloba, dangin wake mai ƙara wa ƙasa taki. Sai dai ita shukar tsaunukan Habasha ce masu sanyi, zafin Kano ya fi ƙarfinta.

Masana kan fara da ƙirga ƙwayoyin da suka tsiro cikin ɗari, sannan su duba yawan ganye da juriyar cuta, da ko dabba za ta ci. A shekarun 1980, a gonakin ciyawar shanu na kudancin Kaduna, cutar ganye ta addabi ciyawar sitailo nau'in Cook, amma nau'in Verano ya jure.

A nan Kano kuwa, tashar IITA ta ba da ƙarfi ga waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare, abin da ya shafi hatta mai turken tumaki a Giginyu da ke kukan tsadar harawa da bazara. Ana shawartar manoma da su tuntuɓi malaman gona na KNARDA kafin sayen sabon iri.