Wace Wuƙa Ce Ta Dace Da Aikin Daji?

Yau maganarmu a kan wuƙa take, wato wuƙar da ba a naɗewa, mai ƙota da kube, wadda kake ɗauka in za ka gona ko kiwo.

Wani zai ce wuƙa ai wuƙa ce. To, ba haka ba ne. Da ita kake yanka igiya da kaba. Da ita kake gyaran ƴan itatuwan gonarka. In akuya ta faɗi cikin daji tana shirin mutuwa, da ita za ka yanka ta kafin ta zama mushe. Wuƙar banza tana jawo hasara uku: hasarar kuɗi, hasarar fata, da rauni a hannu. Saboda haka ka karanta wannan bayani a hankali kafin ka fitar da kuɗinka.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a Damagaram

A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, har manyan bindigogi aka ƙera a nan Damagaram. Unguwar Zango kuwa masaukin fatake ce. Nan ayarin raƙuma ke sauka da kayan Abzin da na arewa, har da takubba da wuƙaƙe. Yanzu ayarin ya ja baya, motoci sun karɓi aikin, amma har gobe in ka shiga kasuwar Dole ranar Alhamis za ka tarar da wuƙaƙe iri-iri a shimfiɗe. In ka duba da kyau, iri uku ne manya.

Ta farko: wuƙar maƙerin gida

Ita ce baƙar wuƙa mai baki ɗaya da ƙotar icce. A da maƙera suna narka tama da kansu. Yanzu da tsohon ƙarfe suke aiki. A nan ne bambanci yake, domin ba dukan ƙarfe ne ke riƙe kaifi ba.

Ƙarfen da ya fi kyau shi ne faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota daga ƙasa, wanda ake kira sifirin. Tsohon magagari ma yana yin wuƙa mai kyau. Dalili shi ne irin wannan ƙarfe yana da sinadarin gawayi a cikinsa, daga rabin kashi 1 zuwa kashi 1 da ɗan wani abu cikin 100. In maƙeri ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai, sai ya yi tauri. Daga nan sai ya sake ɗumama shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya riƙa ɓantarewa.

Rodin gini da ƙarfen tano ba su da isasshen wannan sinadari. Ko sau goma aka tsoma su cikin ruwa, ba za su yi taurin kirki ba. Wuƙar da aka yi da su tana da kaifi ranar saye. Kwana biyu ta dakushe.

Kyaun wuƙar maƙeri: tana wasuwa da sauƙi a kan dutse, tana yin kaifi sosai, kuma in ƙotarta ta tsage, mai ita yana nan kusa, zai gyara maka. Aibinta: tana yin tsatsa in ka bar ta da jini ko laima.

Ta biyu: wuƙar hannu ta Abzinawa

Ita ce mai baki biyu da tsini, da kube na jar fata ko koriya, da zoben fata da ake zura hannu a ciki. Maƙeran Abzinawa gwanaye ne, aikinsu yana da kyaun gani ƙwarai. Amma ka tuna abin da aka yi ta dominsa. Wuƙar tafiya ce da tsaron kai da ado.

Wajen aikin gona tana da matsala biyu. Tun da ko'ina kaifi ne, ba ka da wurin ɗora babban yatsa in kana fiƙe icce. Kuma tsininta yana huda fata wajen fiɗa. Ban da haka, akwai waɗanda ake yi don baƙi masu sayen tsaraba. Su ado ne kawai, ƙarfensu mai taushi ne. Kuɗin da ka biya na tagulla ne da zane, ba na kaifi ba.

Ta uku: farar wuƙar kanti

Ita ce mai ƙyalli da ƙotar roba, wadda ake shigowa da ita daga waje. A jikinta za ka ga an rubuta Inox ko Stainless. Ma'anar rubutun shi ne ba ta saurin tsatsa. Wani mutumin Ingila mai suna Harry Brearley ne ya gano irin wannan ƙarfe a garin Sheffield a 1913. Ana haɗa shi da wani sinadari mai suna kurom, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ne ke hana tsatsa.

Amma ka lura: rashin tsatsa daban, riƙe kaifi daban. Akwai na ƙwarai cikinsu. A ƙasar Suwidin akwai wani gari mai suna Mora, inda masana'anta ke ƙera wuƙar daji tun 1891, kuma maharba da masu aikin icce na ƙasashe da yawa suna yabonta. Sai dai irin waɗannan ba su cika zuwa kasuwanninmu ba. Yawancin masu arahar da kake gani a tire, an yi su ne don yankan albasa da tumatir. Ruwansu siriri ne, yana lanƙwashewa. Ƙarfen kuma ɗan kaɗan ya shiga cikin ƙota. Ranar da ka matsa mata a kan icce, sai ta karye daga wuya. In robar ta fashe kuwa, babu mai gyara ta.

Daɗin riƙo

Wuƙar da za ka yini da ita a hannu, ƙotarta ce abin dubawa na farko. Ka riƙe ta ka dunƙule hannu. Ya kamata dukan yatsunka huɗu su zauna a kai, har ɗan guntu ya rage a baya. Ga babban mutum, wannan kamar santimita 10 ne ko 11.

Ƙotar da ta yi siriri tana gajiyar da hannu. Mai kusurwa tana sa bororo. Wadda take kewayayya kamar sanda tana juyawa cikin tafi, ba ka san inda kaifi ya fuskanta ba. Wadda ta fi ita ce mai siffar ƙwai, wadda tsakiyarta ya ɗan fi kauri.

Ka tuna da gumi da jini da kitse. Roba mai santsi da ƙarfe mai santsi suna sulɓewa, hannu ya zame ya hau kan kaifi. Icce ya fi riƙe hannu. Maƙera suna son aduwa da marke domin ƙarfinsu. In ƙota tana da ɗan tudu kusa da wuya wanda zai tare yatsa, to ta ƙara kyau.

Uwargida ma haka. In wuƙar tata ce, ita ya kamata ta riƙe ta a kasuwa, domin hannunta ba ɗaya yake da naka ba.

Aiki

Babbar wuƙa ba ita ce wuƙar aiki ba. Ruwa mai tsawon santimita 10 zuwa 12, da kaurin milimita 2 zuwa 3, ya isa yawancin aikin daji. Abin da ya fi ƙarfin wannan, aikin adda ne ko gatari. Kada ka sa wuƙa aikin da ba nata ba.

Ga ayyuka uku da za su nuna maka bambanci.

Yanka. Addini ya umurce mu mu wasa wuƙa don mu hutar da dabba. Dakusasshiyar wuƙa azaba ce ga dabba. Don yankan sa ko raƙumi kuwa ana bukatar doguwar wuƙa irin ta mahauta.

Fiɗa. Fatar akuya da ta tunkiya kuɗi ce. Majema da dukawan Damagaram suna duba ta a gaban haske, kowace huda tana rage mata daraja. Wuƙar fiɗa ita ce mai lanƙwasasshen ciki, wadda bakinta ba shi da tsini sosai. Ka tsaga da wuƙa, sauran aikin ka yi da dunƙulen hannu.

Sassaben zamani. Tun wajen 1985 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka himmatu wajen barin ƴan gawo da sauran itatuwa su tashi cikin gonaki. In kana rage tohon kututture, ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran. Wuƙa mai kaifi tana yanka reshe sumul, wurin ya warke da wuri. Dakusasshiya tana yage ɓawo, ƙwari da cuta su samu ƙofa. Ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya salube.

A waɗannan ayyuka uku, baƙar wuƙar sifirin ce ke gaba. Farar wuƙa ta fi ta a wuri ɗaya: aikin ruwa, kamar gyaran kifi da kayan garka, inda laima ba ta ƙarewa.

Daraja da kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga wani misali na lissafi, ka canza kuɗin da na kasuwarku. A ce farar wuƙa sefa 500 ce, amma duk wata 6 sai ka sayi wata. A shekara 5 ka sayi 10, wato sefa 5.000. A ce ta maƙeri sefa 2.000 ce, ka sake mata ƙota sau ɗaya a kan sefa 500. A shekara 5 ka kashe sefa 2.500, kuma wuƙarka tana nan. Wace ce mai tsada?

Ka sa kube cikin lissafi. Wuƙar da ba ta da kube ba ta cika ba. Kube na fata mai kauri, mai ɗinki sosai, wanda in ka kifa shi wuƙa ba ta faɗowa, shi ne na ƙwarai.

Gwaji biyar kafin ka biya

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka nemi izinin mai kaya, ka yi waɗannan:

1. Ka tambayi maƙeri da wane ƙarfe ya yi ta. Mai gaskiya zai faɗa maka.

2. Ka goga magagari a hankali kusa da kaifi. In ya ci ƙarfen da sauƙi kamar icce, wuƙar mai taushi ce. In ya zame yana ci kaɗan-kaɗan, ta yi tauri.

3. Ka ɗan danna ruwan a gefe. In ya koma daidai, da kyau. In ya tsaya a lanƙwashe, ka ajiye ta.

4. Ka girgiza ƙota. Kada ta yi motsi ko kaɗan. Ka tambaya ko wutsiyar ƙarfen ta kai ƙarshen ƙota. Wadda ta ratsa har ƙarshe, ko aka kafe ta da ƙusa biyu ko uku, ita ce mai ƙarko.

5. Ka fiƙe busasshen icce sau 20, sa'an nan ka yanka igiya. In har yanzu tana ci, saya. Ka duba bakinta a rana, kada a ga giɓi ko tsaga.

Yadda za ka kula da ita

Bayan aiki ka wanke ta, ka share ta ta bushe, ka shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada ka mayar da ita kube da jini ko ruwa. Da damina ka riƙa fitar da ita kana dubawa.

Wajen washi, ka jiƙa dutse, ka kwantar da ruwan wuƙa, ka ɗaga bayanta kamar kaurin fensir. Ka wasa kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Ka ƙarasa a kan tsohuwar fata. In ka kai ta wurin mai injin washi, ka ce ya riƙa tsoma ta cikin ruwa. In bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurin ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya: kada ka bari sai safiyar Layya.

Kiyaye lafiya

Ka riƙa yanka kana ture wuƙa gaba, nesa da jikinka. Ka rataye ta inda yara ba su kaiwa. In ka yanke, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne da tsumma mai tsabta. Kada ka zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu. Cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar ciwon sandarewar jiki take, wanda likitoci ke kira tetanos, kuma yana kisa. In raunin ya yi zurfi, ka tafi gidan likita ran nan, ka tambayi allurar rigakafi.

Abu na ƙarshe. Lokacin kaka, in dabbobi suka shiga gona, rai yana ɓaci. Wuƙa kayan aiki ce. In za ka wurin magana da maƙwabci ko makiyayi, ka bar ta gida, ku kai maganar gaban mai gari.

To ɗan'uwa, in aikin gona da kiwo za ka yi, nemi baƙar wuƙa mai baki ɗaya, ta ƙarfen sifirin, wurin maƙerin da ka sani, ka gwada ta kafin ka biya. Ka karanta wa maƙwabtanka da ba su samu shiga yaƙi da jahilci ba wannan takarda. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.